Butoci goma, masu alwala ɗari: fashin baƙi kan semafo a laburaren SDL

Ranar wata Juma'a da hantsi ƙanina ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Agege, jakar kwamfuta a bayansa, fuskar nan a murtuke. Shi da abokansa uku suna haɗa wata manhaja ta sauraren karatu da kallon tafsiri, a wani ɗan ɗaki da suka kama haya a Yaba. Ko gaisawa ba mu gama ba ya buɗe kwamfutar a kan tabarma.

"Yaya, don Allah duba mini abin nan. A Linux lafiya lau, a wayata Tecno lafiya lau. Da muka ɗora a Mac ɗin abokina sai muryar malam ta riƙa tsalle tana maimaita kanta, can kuma manhajar ta mutu. Rubutu ɗaya ne fa, ko waƙafi ban canza ba."

Ban daɗe ina dubawa ba na ga inda gizo ke saƙa. Sun kira sem_init, aikin da ke ƙirƙirar semafo (abin da ke tsayar da wani sashen manhaja ya jira wani), kai tsaye, ba su tsaya duba amsar da ta dawo ba. A Linux da Android amsar sifili ce, wato an yi aikin. A macOS kuwa sunan yana nan, manhaja za ta haɗu ba tare da wata gardama ba sai ɗan gargaɗi, amma idan aka kira shi sai ya dawo da -1, domin Apple ba ta gina irin wannan semafon marar suna ba. Daga nan duk inda aka ce wani sashen manhajar, wato zare, ya tsaya ya jira, wucewa kawai yake yi. An ɗauki mai gadi a takarda, ƙofa kuma ba kowa.

Gyaran bai kai minti biyar ba, tunda dama da SDL suke fitar da sauti da hoto, wani laburare, wato tarin rubutun manhaja da aka riga aka shirya don masu haɗa manhaja su riƙa kira: a cire kiran kai tsaye a sa SDL_CreateSemaphore. Tambayar da ya yi bayan nan ce ta kai mu har bayan La'asar: "To me SDL ɗin yake yi a Mac wanda ni ban yi ba?"

Sai an fara sanin mene ne zare. Manhaja mai kunna bidiyo ba aiki ɗaya take yi ba. Akwai mai jawo bayanai daga intanet ko daga fayil, akwai mai warware sautin da aka matse, akwai mai warware hoto, akwai mai miƙa wa lasifika abin da za ta faɗa, sannan akwai mai sauraren yatsan mutum a kan allo. Kowane ɗayansu zare ne: layin aiki mai tafiyar kansa, amma duk a gida ɗaya suke, ma'ajiya ɗaya suke taɓawa. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura ita ke raba musu lokaci, kuma tana iya tsayar da zare a tsakiyar kowane aiki ba sallama, ta ba wani. A wayoyin yanzu ma, masu furosesa (ƙwaƙwalwar na'ura) mai kawuna takwas, zarurrukan a lokaci ɗaya suke gudu na haƙiƙa. Babu wanda ya san wa zai riga wa.

Lokacin salla ya gabato muka rufe kwamfuta muka nufi masallaci, kuma a wurin alwala na sami misalin da ya fi duk wanda zan zana a takarda. Butoci ne kamar goma jere a bakin famfo, mutane kuwa sun fi ɗari. Wanda ya iso ya tarar da buta, ya ɗauka ya wuce, saura tara. Haka har su ƙare. Wanda ya iso babu ko ɗaya, ya tsaya. Da an ajiye ɗaya, wani daga cikin masu jira ya ɗauka. Na taɓa ƙanina na ce masa ga semafo nan. Adadi ne da ba ya sauka ƙasa da sifili, da layin masu jira, da ayyuka biyu kacal: ɗauka, wanda ke rage ɗaya ko ya tsayar da kai, da ajiyewa, wanda ke ƙara ɗaya ya tashi wani.

Akwai abin lura a nan da mutane ke yawan tsallakewa. Ba dole wanda ya ɗauki buta ne zai dawo da ita ba. Wani dattijo ya gama ya bar tasa a gefe, wani yaro ya kwaso ya cika ya jera. Semafo ba shi da mai shi. Wannan ne ya raba shi da kwado, wanda masana ke kira miyutes: kwado kamar makullin banɗaki ne, wanda ya karɓa shi zai mayar, kuma an san a hannun wa yake. Da yake semafo bai damu da wa ya ɗauka wa ya ajiye ba, ya dace da aika saƙo tsakanin zarurruka: wannan ya gama aiki ya ajiye, wancan ya farka ya ɗauka. Za mu dawo kan kuɗin da ake biya saboda wannan rashin mai shi.

Wanda ya ƙirƙiro dabarar ɗan ƙasar Holan ne, Edsger Dijkstra, a farkon shekarun 1960. Ya yi bayaninta a rubutunsa na 1965 kan yadda ayyuka masu tafiya tare za su haɗa kai, ya kuma gina ta cikin babbar manhajar THE da suka yi a jami'ar fasaha ta Eindhoven a kan na'urar Electrologica X8. Sunan daga reluwe ya aro shi, daga sandar nan mai hannu da ke ɗagawa ko saukewa ta gaya wa direban jirgi ya wuce ko ya tsaya. Ayyukan biyu ya kira su P da V, haruffan farko na kalmomin yarensu, ɗaya na nufin gwada ragewa ko wucewa, ɗaya ƙarawa ko saki. Har yau za ka ga haruffan a littattafan jami'a. A SDL2 sunayensu SDL_SemWait da SDL_SemPost, a SDL3 kuma SDL_WaitSemaphore da SDL_SignalSemaphore.

Yaron da ke cika butoci ya ƙarasa mana darasin. Shi abin da yake jira butar da babu ruwa ce, masu alwala kuma cikakkiya suke jira. Adadi biyu ke nan. Haka manhajar ƙanina take: mazubai takwas na sauti, semafo ɗaya na ƙirga waɗanda babu komai ya fara da 8, ɗaya na ƙirga cikakku ya fara da sifili. Mai warware sauti ya ɗauka daga na farko, ya cika mazubi, ya ajiye a na biyu. Mai lasifika ya ɗauka daga na biyu, ya kunna, ya ajiye a na farko. Idan mai warwarewa ya cika sauri, mazubai za su ƙare masa ya kwanta, bai cinye ma'ajiyar waya ba. A Mac ɗin abokinsa wannan birkin ne babu, shi ya sa ake rubutu a kan mazubin da ake tsakiyar karantawa.

"To ai wannan da sauƙi," in ji ƙanina a hanyar komawa gida. "Lamba ce kawai. In ta fi sifili in rage, in ba haka ba in jira."

A nan ake yin ta. Abin da muke rubutawa a layi ɗaya, a rage ɗaya, ga furosesa matakai uku ne: karanto lambar, rage ta, mayar da ita. A ce buta ɗaya ta rage. Zare na farko ya karanta ya ga 1. Kafin ya rubuta, na biyu shi ma ya karanta ya ga 1. Kowa ya rubuta sifili, kowa ya wuce, mutum biyu da buta ɗaya. A masallaci idan hannu biyu suka haɗu a kan buta, ƙaramin zai janye ya ce "Bismillah, Alhaji, fara." Na'ura ba ta da kunya. Saboda haka ne furosesa ke da umarni na musamman da ke dubawa ya canza lamba a bugu ɗaya, babu mai kutsawa tsakani. Wannan matsalar mai sauƙi ce, an daɗe da maganinta.

Mai wuyar ita ce ta barci. Ka ɗauka mutum ya duba ya ga babu buta, ya juya zai zauna a benci ya ɗan runtsa. A tsakanin juyawarsa da zamansa yaro ya ajiye buta, ya duba benci bai ga kowa ba, saboda haka bai kira kowa ba. Mutumin ya zauna ya yi barci, ga buta a gabansa, har a idar da salla. Taƙin da ke tsakanin dubawa da kwanciya bai kai ƙiftawar ido ba, yana iya faruwa sau ɗaya cikin dubban ɗaruruwa, kuma ba zai taɓa faruwa ranar da kake gwaji ba, sai manhaja ta shiga hannun mutane. Duk wahalar gina semafo a wannan taƙin take: dubawa da kwanciya su zama abu ɗaya da ba ya rabuwa. Manhaja ita kaɗai ba ta iya wannan, domin kwantar da zare da tashinsa aikin ƙwayar babbar manhaja ne, wato cibiyarta da ke raba wa zarurruka lokaci. Kowace babbar manhaja kuma da irin hannun da take miƙowa.

A nan laburare irin SDL ke shigowa. Sam Lantinga ne ya fara fitar da shi a 1998, aka yi amfani da shi wajen kai wasannin kwamfuta zuwa Linux a kamfanin Loki. SDL2 ya fito a 2013, SDL3 kuma a watan Janairun 2025. Alƙawarinsa ga mai rubuta manhaja shi ne: ka kira suna ɗaya, ni zan ji da bambancin na'urori. Idan ka buɗe babban fayil ɗin da ke kula da zare a cikin rubutunsa, za ka ga an raba shi ɗaki-ɗaki, akwai na pthread (tsarin zaren Linux da dangoginta), akwai na windows, akwai wani da ake kira generic, wato na gama-gari, kuma a kowanne akwai fayil mai suna ɗaya, SDL_syssem.c. Lokacin haɗa laburaren ake zaɓar wanda ya dace.

Na Linux da Android shi ne mafi gajarta, kusan miƙa saƙo kawai yake ga sem_init da sem_wait da sem_post. A ƙarƙashinsu akwai futex, dabarar da ta shiga ƙwayar Linux a 2002. Hikimarta ita ce, idan akwai buta, zare ya rage lambar da kansa ya wuce, bai ko ƙwanƙwasa ƙofar ƙwaya ba. Sai babu ne zai je ya ce: kwantar da ni, amma da sharaɗin lambar nan har yanzu sifili ce. Ƙwaya ta sake dubawa a ƙarƙashin nata kwadon, in ta canza ta ce masa koma ka sake gwadawa. Taƙin ya rufu ke nan. Duk da haka akwai ɗan tarko: siginar da aka aiko wa manhaja na iya katse sem_wait ya dawo da kuskuren EINTR alhali bai sami komai ba. Wanda bai sani ba zai ɗauka an ba shi hanya. SDL yana zagaye kiran, in an katse ya sake shiga.

Windows nata daban. Tana da CreateSemaphore tun da daɗewa, amma sai ka faɗi iyakar adadi tun farko, SDL kuwa 32,768 yake ba ta. Idan aka kai iyakar, ajiyewa ta gaza. A Linux iyakar ta haura biliyan biyu, ƙa'idar POSIX kuma, wadda Linux da dangoginta ke bi, abin da ta wajabta bai wuce 32,767 ba. Ka ga manhajar da ke tara dubban saƙonni a semafo za ta yi lafiya a wuri ɗaya ta faɗi a wani. Sannan Windows ba ta da sananniyar hanyar tambayar nawa suka rage, saboda haka SDL ke riƙe tasa lambar a gefe yana ƙarawa yana ragewa. Daga Windows 8 aka sami WaitOnAddress, ɗan'uwan futex, kuma sababbin fitowar SDL suna leƙawa lokacin da manhaja ta tashi: in yana nan su yi amfani da shi, in babu su koma tsohuwar hanya.

A Mac da iPhone, inda ƙanina ya yi tuntuɓe, SDL da hannu yake gina semafon, daga kwado ɗaya da abin da zan kira ƙararrawa, wato wurin da zare ke kwanciya har a buga masa. Na rubuta masa tsarin a bayan takardar kuɗin wuta:

jira:
  kulle kwado
  muddin adadi sifili ne: kwanta a ƙararrawa, kana sakin kwado
  rage adadi da ɗaya
  buɗe kwado

ajiye:
  kulle kwado
  ƙara adadi da ɗaya
  in akwai mai jira: buga ƙararrawa
  buɗe kwado

Sirrin yana layi na biyu. Ƙararrawa ta yi alƙawarin sakin kwado da kwantar da kai a bugu ɗaya, ta kuma mayar maka da kwadon kafin ka farka. Mai ajiyewa ba zai taɓa adadi ba sai da kwado a hannu, don haka ba zai iya faɗowa cikin taƙin ba.

Ƙanina ya sa yatsa a kan kalmar "muddin". "Me ya sa ba 'idan' ba? Ai in an tashe ni akwai buta."

Ba tabbas. Na farko, ƙa'idar ta yarda ƙararrawa ta tashi zare ba wanda ya buga. Na biyu, kuma shi ya fi faruwa, tsakanin a tashe ka da ka miƙe, wani da ya shigo yanzu-yanzu yana iya wafce butar, irin na mai shigowa tashar mota a Oshodi ya tarar an buɗe ƙofa daidai gabansa. Idan ka rubuta "idan", za ka rage sifili da ɗaya. Lambar kuma irin wadda ba ta san ƙasa da sifili ba ce, sai ta juya ta zama 4,294,967,295. Daga lokacin butoci ba za su sake ƙarewa ba, kowa ya zo ya wuce. Kalma ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a ɗakin generic shi ne yadda kayan ke gina juna. Akwai semafo da aka gina da kwado da ƙararrawa, akwai kuma ƙararrawa da aka gina da semafo, har da kwado da aka gina da semafo. Kafin Windows Vista, Windows tana da semafo amma ba ta da ƙararrawa, sai aka gina mata. Mac tana da ƙararrawa ba ta da semafon da ake so, sai aka juya ginin. Mai kai laburaren sabuwar na'ura dole ya samo aƙalla gefe ɗaya na gaske daga na'urar. In ya zaɓi na aro a duka, kowa zai jingina da kowa, babu mai taka ƙasa.

Sai maganar jira mai wa'adi, wadda a ganina ta fi kowace ɓata wa mutane rai. Kana so ka ce: jira, amma kada ka wuce milisakan 200. Windows tana karɓar wannan yadda yake. sem_timedwait ta Linux kuwa ba tsawon jira take karɓa ba, lokacin da za a daina take so, a agogon bango. Dole laburare ya tambayi ƙarfe nawa, ya ƙara 200, ya kuma kula kada ɓangaren nanosakan ya kai biliyan ɗaya, in ya kai a ɗauke shi a ƙara a sakan, in ba haka ba kiran ya ƙi. Wannan lissafi ne, ana gamawa. Abin da ba ya gamuwa da lissafi shi ne agogon bango na motsi. Wayar da ta mutu ta kwana ba caji, ta tashi da agogo a karkace, can ta kama sabis ya gyara mata lokaci. Idan gyaran baya ya ja da awa ɗaya, jiran milisakan 200 na iya zama na awa ɗaya. Idan gaba ya tura, jiran ya ƙare nan take. Maganinsa agogo ne da ba ya komawa baya, kuma sai a fitowar 2.30 ta glibc, babban laburaren Linux, aka sami sem_clockwait da ke barin ka zaɓe shi. A na'urorin da ba su da sem_timedwait sam, SDL2 leƙe yake yi: ya gwada, ya huta milisakan ɗaya, ya sake gwadawa, har wa'adi ya cika. Yana aiki, amma batir ne ke biya. A semafon da aka gina da hannu kuma akwai wani kuskure da na sha gani: zare ya farka bai sami komai ba, ya koma barci da cikakken wa'adi sabo, maimakon abin da ya rage. In ana ta wafce masa, wa'adin ba zai taɓa cika ba.

Rushe semafo ma da nasa. Ka duba wannan: zare ya ba wani aiki, ya jira a semafo, aka ajiye masa, ya farka, ya ce na gama da wannan, ya rushe shi. Daidai ne a ido. Amma mai ajiyewar fa? Wataƙila bai gama fita daga cikin aikin ajiyewa ba, saura ya taɓa wata lamba a jikin semafon da yanzu babu shi. A ɓangaren Windows na SDL an kauce wa wannan da jeri: a ƙara lambar gefe tukuna, sannan a saki, domin da zarar an saki ba a da tabbacin semafon na nan. Kada a ɗauka kuskuren ƙananan yara ne. glibc kanta, wadda akasarin Linux ke tsaye a kanta, ta yi shekaru da irin wannan ramin, sai a fitowar 2.21 ta 2015 aka sake rubuta semafonta gaba ɗaya.

Duk wannan ne ya sa nake cewa darajar laburare irin wannan tana cikin abin da ya ƙi yin alƙawarinsa. Ba ya cewa wanda ya fara jira shi zai fara samu, domin Windows ta ce kada a dogara da haka, POSIX ma ba ta wajabta ba sai a wasu tsare-tsaren rabon lokaci na musamman. Aikin da ke gaya maka adadi yana nan, amma labarin jiya yake ba ka: kafin ka karanta amsar ta tsufa. POSIX ta ma yarda a dawo da lamba ƙasa da sifili don nuna yawan masu jira, Linux ba ta yi, SDL kuma ya mayar da duk irin wannan sifili don kowa ya ga abu ɗaya. Na ga a rubutun ƙanina inda suka ce in adadi ya fi sifili sai a jira. Na ce ya goge. Abin da yake nema SDL_SemTryWait ne, mai gwadawa ya ɗauka a bugu ɗaya, in babu ya dawo nan take.

Yanzu kuɗin rashin mai shi. Sauti ba ya haƙuri. Idan ana fitar da samfur 48,000 a sakan, mazubi kuma na ɗaukar 512, to duk bayan milisakan 10 da ɗoriya lasifika na miƙo hannu. Hoto ya makara da firam ɗaya, ido na iya yafewa. Sauti ya makara, kunne zai ji ƙas. Shi ya sa ake ba zaren sauti fifiko a kan saura. To a ce wannan babban zaren yana jiran abin da ke hannun wani ƙaramin zare, ƙaramin kuma an ture shi gefe saboda wani matsakaici na ta warware bidiyo. Babba na jiran ƙarami, ƙarami na jiran matsakaici ya gaji. Fifiko ya kife. Da kwado ne, babbar manhaja ta san a hannun wa yake, tana iya ara wa ƙaramin girman babban har ya saki. Da semafo, wa za ta ɗaga? Ba ta san wanda zai ajiye ba.

Irin wannan kifewar ta taɓa kama na'urar Pathfinder da Amurka ta saukar a duniyar Mas ranar 4 ga Yulin 1997. Ƙaramin aikin tattara bayanan yanayi ya riƙe kwado, babban aikin da ke kula da hanyar bayanai ya tsaya jiransa, matsakaita suka cika fili, agogon tsaro ya ga shiru ya riƙa kashe na'urar yana tayarwa. Injiniyoyi suka gano a irinta da ke ƙasa, suka aika gyara daga nan duniya: a kunna aron fifiko a kwadon, wanda babbar manhajar VxWorks dama tana da shi amma an bar shi a kashe. Sun tsira ne saboda abin nasu yana da mai shi.

Shawarar da na ba ƙanina ke nan: zaren sauti kada ya kwanta jiran kowa. Ya gwada, in babu cikakken mazubi ya tura shiru ya wuce, gara ɗan gibi da tsayawar komai. Na kuma gaya masa abin da ba a rubuta a jikin sunan aikin ba: a inda aka gina semafo da kwado, ko gwadawa da ajiyewa sai sun kulle kwadon na ɗan lokaci, don haka "ba ya jira" ɗin ba ɗaya ba ne a Linux da Mac. Ga manhajar karatu mai mazubai takwas wannan ba abin hana barci ba ne. Ranar da suka ce za su yi manhajar kiran waya ko ta haɗa sauti kai tsaye, sai a fitar da semafo daga zaren sauti ɗungurungum, a koma zoben mazubai da ake tafiyarwa da lambobi masu bugu ɗaya, a bar semafo yana tashin mai warwarewa kawai.

Ya gyara wurare huɗu, ya tura wa abokin nasa. Ana kiran La'asar amsa ta shigo ta WhatsApp, an ɗauko muryar malam daga lasifikar Mac, tiryan-tiryan ba tsalle. Ya miƙe zai sa takalmi, sai ya tsaya.

"Yaya, to in mutum ya danna fita alhali mai warwarewa na kwance yana jiran mazubi fa? Wa zai tashe shi?"

Na ce ya ɗaga tutar fita tukuna, sannan ya ajiye sau ɗaya ga kowane zaren da zai iya kasancewa a kwance, kowanne kuma da ya farka ya duba tutar kafin ya taɓa mazubi. Ya jira duk su fito, sannan ya rushe semafon. Ya cire takalmin ya koma tabarma ya sake buɗe kwamfutar, na ce ya bari sai mun dawo daga masallaci.